Damin Karakkai

Gusau,
ranar Laraba, bayan girbin gero.

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka zaune lafiya a cikin jirgin ƙasa, akwatinka na kusa da ƙafarka, ba ka ba wani baƙon fuska ajiyarsa ba. Allah ya tsare ka a kan ƙasa har Ikko, ya tsare ka a kan ruwa, ya sauke ka Ingila da ƙafar dama.

Na ce wa mahaifiyarka ta sa takardar a ƙarƙashin ƙunshin kilishin da ta shirya maka, domin na san halinka. An ce guzurin na kwana uku ne, amma na tabbata jirgi ba zai kai Tsafe ba sai ka kwance shi. To, goge hannunka tukuna, kada ka ɓata mini rubutu da mai.

Gobe a tasha, gaban mutane, ba abin da zan ce maka sai "Allah ya kiyaye hanya," in juya in kama gaisawa da wani kamar ɗan maƙwabci ne zai yi tafiya. Haka iyayenmu suka yi mana, mu ma haka muka iya. Shekara ashirin da shida na yi ina aikin tafinta, ina ɗaukar maganar wani in kai wa wani, amma tawa maganar ta gagare ni faɗa a gaban ɗana. Saboda haka ga ta a rubuce: ina alfahari da kai, Sanusi. Har ta kai in na ji an ambaci sunanka a kasuwa sai in rage sauri don in ji ƙarshen zancen.

Ga dalilin takardar. Shekaranjiya, karo na biyu ke nan, ka durƙusa a zaure ka ce mini, "Baba, in barista kake so in zama, in na sauka sai in sauya. Ban sa hannu a takardar alkawarin ba tukuna." Na yi shiru, ka tashi ka fita, na kuma san ka ɗauki shirun nan a matsayin na yarda. To ban yarda ba, kunya ce ta rufe mini baki. Kada ka sauya. Ka je wurin dattijon lauyan nan da ya amsa zai karɓe ka, ka sa hannu a takardar shekara biyar ɗin, ka zama solisita kamar yadda ka tsara tun farko. In ka sauya saboda ni, zan mutu da nauyi biyu a wuyana. Guda ɗaya da nake ɗauke da shi ma ya ishe ni, kuma yau zan gaya maka ko mene ne.

Bari in fara da laifina na kwanan nan, tun da shi ne ya jawo maganar.

Ranar da takarda ta zo cewa gwamnati ta ɗauki nauyin karatunka, ban ko tsaya na gama karanta ta ba. Na sa babbar riga na nufi tashar mota. Kafin la'asar ba wanda bai ji ba, daga masu awon gyaɗa har masu tuyar ƙosai, cewa ɗan Malam Isa Tafinta zai dawo da baƙar riga da hular gashin nan ta lauyoyi, ya tsaya gaban joji yana zuba Turanci. Ban tambaye ka ba, ni kaɗai na ɗinka maka hular a bakina. Sai da ka zo daga Kano ka zaunar da ni ka yi mini bayani, cewa lauya iri biyu ne a can. Akwai barista, mai hula, mai tsayawa a kotu ya yi magana, wanda kan gama cikin shekara uku. Akwai solisita, wanda ke zaune a ofis mutane su kawo masa damuwarsu, ya saurara, ya rubuta musu yarjejeniya da takardun fili da wasiyya, ya shirya wa barista abin da zai faɗa. Shi wannan sai ya yi shekara biyar a ƙarƙashin maigida yana koyon aiki, ya ci jarrabawa biyu. Ka ce na biyun kake so.

Da labari ya isa tasha, Alhaji Shehu mai motoci, abokina tun muna yara, ya tare ni gaban jama'a yana dariya har yana riƙe ciki. Ya ce, "Ashe Malam, akawu za a yi muna har Ingila? Akawu ai muna da su nan kanti, ba sai an hau ruwa ba!" Aka kwashe da dariya. Na dawo gida na ƙi cin tuwo, na kwana uku ina amsa gaisuwarka da ka kawai. Mahaifiyarka ce ta gaji, ta ajiye mini ruwan alwala da ɗan ƙarfi ta ce, "Malam, wai hular za ta yi karatun ne ko yaron?"

Ka ga dai, dariyar mutum ɗaya a tashar mota ta kusa sa in karkatar da rayuwarka. Irin wannan dariyar tana jiranka a can ma. Za ka tarar da samari daga Ikko da Badun, da 'yan namu na Arewa ɗaiɗai, waɗanda za ku sauka tare. Bayan shekara uku za su sa hula su ɗauki hoto su aiko gida, kai kuwa kana nan kana ɗaukar wa wani tsoho fayil kana kwafar takardu. Ranar za ta yi maka ɗaci, kada ka ce ban gaya maka ba. Ka je ka taya su murna da zuciya ɗaya, ka ci abincin walimarsu, washegari ka koma teburinka da wuri.

Yanzu in jirgi ya tsaya a Tsafe, leƙa ta taga ka dubi garin da kyau. A nan ubanka ya yi wautarsa ta farko.

Da na fito makarantar boko, kakanka ya kai ni wurin Malam Buhari, wani dattijo mai rubuta shari'a a nan Tsafe, ya ce in zauna hannunsa har in iya aikin. Shekara biyu na yi ina fiƙe masa alƙalami, ina dama tawada, ina kwafar abin da ya riga ya rubuta. Ko layi ɗaya bai taɓa bari na rubuta da kaina ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yawan tambayarsa. In mutum ya zo ya ce ya ba wane gona, sai Malam ya ɗaga alƙalami daga takarda ya ce, "Tsaya. Kyauta kab ba shi, ko aro kab ba shi, ko sai da mashi kay yi?" Mutum ya amsa. Sai ya sake tambaya ta wata fuskar. Ya amsa. Sai ya yi ta uku. Ni ina gefe ina cewa a raina tsufa ya taɓa kunnen tsohon nan.

Ana nan sai aka ce Di'o, Baturen mulki, na neman tafinta, yaro mai jin Turanci. Za a ba da kaki, za a ba da doki, za a riƙa bin Bature rangadi gari gari ana faɗuwa ana gaishe mu. Ban yi shawara da kowa ba na je na karɓa. Da na zo sallama cikin sabon kakina, Malam Buhari ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Kayan sun yi maka kyau, Isa. Amma ba ka nuna ba tukuna." Na fita ina murmushi, ina ganin hassada ce irin ta tsofaffi.

Don haka kada ka raina shekara biyar ɗin, kada kuma ka raina kwafa. Na ji daɗi da ka zaɓi ƙaramin ofis a ƙaramin gari, ka bar manyan ofisoshin Landan inda ka ce mutum zai shekara yana aiki iri ɗaya a ɗaki ɗaya. Wannan dabara ce da ni ban yi ta ba ina da shekarunka. A ƙaramin ofis komai zai bi ta hannunka: mai sayen gida, mai rabon gado, masu haɗa jari, maƙwabtan da suka saɓa a kan iyaka. In maigidanka na ganawa da mutum, ka roƙi izini ka zauna a gefe. Amsar da zai bayar tana cikin littafi, za ka same ta ko yaushe. Tambayoyin da yake yi kafin ya taɓa alƙalami su za ka kama, don ba a rubuce suke ba. Jarrabawar farko kuwa, da zarar lokacinta ya yi ka shiga, kada ka ce sai baɗi in ka ƙara shiri. Na ga akawuna da yawa a nan da suka ce sai baɗi, har furfura ta fito musu suna faɗa.

To, ga nauyin da na ce maka ina ɗauke da shi.

Ka san damin geron da nake warewa kowace kaka daga gonarmu ta Magami, in ɗora wa jaki a kai wa Malam Tanko a Karakkai. Tun kana ƙarami kake tambayata ko shi ɗan'uwanmu ne, ni kuwa in ce gaisuwa ce kawai. Ba gaisuwa ba ce.

Shekarata ta uku da fara tafinta, muka sauka Bungudu rangadi. Aka shimfiɗa wa Bature tebur a gindin wata tsamiya, masu ƙara suka yi layi. Cikinsu akwai Malam Tanko, lokacin yana da ƙarfinsa, da wani mutum mai suna Labbo. Labbo baƙo ne da ya zo Karakkai ba shi da ko taƙi, Tanko ya ba shi aron wata fadama mai kyau ya noma. Ka san al'adarmu: wanda aka ba aron gona, kowace kaka yakan kai wa mai ita dami ɗaya. Damin nan ba ladan gona ba ne, don bai kai komai ba. Shaida ce, kowace shekara yana cewa na sani ba tawa ba ce. Labbo ya yi shekaru yana kaiwa, da 'ya'yansa suka tasa ya ji ƙarfi sai ya daina, ya ce gonar tasa ce.

Bature ya ce in tambayi Tanko ko shi ya ba Labbo gonar. Na tambaya. Tanko ya ce, "I, ranka shi daɗe, ni nib ba shi. Nic ce shi noma shi ci."

Ka ji kalmar, "ba". A bakinmu mutum na ba ka riga ka tafi da ita har abada, yana kuma ba ka fartanya ka dawo da ita da yamma, duk "ba" ce. Duk wanda ke gindin tsamiyar nan ya san abin da Tanko ke nufi. Ni ma na sani. Amma da na juya wajen Bature sai na ɗauko kalmarsu ta bayarwa, wadda in an faɗe ta a kan gona kyauta take nufi. Na san kalmarsu ta aro, sai dai a makaranta a kan fensir da littafi aka koya mana ita, ban tabbata ana faɗinta a kan ƙasa ba. Na ji tsoron in faɗa ya yi mini dariya. Ga rana ta take, ga shi yana ƙwanƙwasa lofensa a kan tebur alamar in yi sauri, ga jama'a sun zuba mini ido ina tsaye cikin kaki.

Tanko ya ƙara da cewa, "Kowace kaka shina kawo mani dami guda, kowa ya sani." Bature ya tambaye ni mene ne wannan damin, haya ce? Na ce a'a, ba haya ba ce. Ya ce to mece ce? Maimakon in ce ranka ya daɗe, wannan sai na yi dogon bayani, sai na ce wata 'yar gaisuwa ce da mutanenmu kan yi. Ya gyaɗa kai ya rubuta. A takardarsa ta zama an yi kyautar gona, wanda aka ba yana godiya da dami. Fadama ta tabbata ga Labbo.

Da Malam Buhari ne, da sai ya ɗaga alƙalami ya yi tambayarsa sau uku. Ni ko sau ɗaya ban yi ba.

Abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne, da aka watse, Tanko ya biyo ni inda na ɗaure doki. Bai ji Turanci ba, bai san abin da ya faru tsakanin bakina da kunnen Bature ba. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah shi saka maka, Malam. Kai dai ka isar da maganarmu, hukunci na Allah na." Na amsa da amin. Ka ji ubanka.

Sanusi, a can za ka zama baƙo, harshen ba naka ba, kuma za a riƙa duban fatarka kafin a dubi aikinka. Zuciya za ta riƙa ce maka kada ka nuna ba ka gane ba, kada a ce baƙar fata ya kasa. Wannan zuciyar ce ta cinye fadamar Tanko. In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba, ko sau goma ne a yini. In maigidanka ya ɗaure fuska, fuskarsa ce, za ta saki. Takardar da aka sa wa hannu aka buga wa hatimi kuwa tana nan bayan duk wanda ke ɗakin ya mutu.

Ban gama ba, akwai wanda ya fi wannan muni. Washegari da hantsi aka ba ni takardar in kwafa a babban littafi, na karanta na ga ɓarnar da na yi ƙuru-ƙuru. Kwana biyu muka ƙara a Bungudu. Bature na nan, Tanko na nan, Labbo na nan. Taku goma ne tsakanina da teburin. Da na je na ce ranka ya daɗe, jiya na yi kuskuren kalma, da ya zage ni, wataƙila ya karɓe kakin, amma da an gyara. Na kwafa da kyakkyawan rubutuna, na busa tawada ta bushe, na rufe littafi. Kuskuren ranar farko na ƙuruciya ne da rashin sani. Na rana ta biyu kuwa da idona buɗe na yi shi.

Kai ma za ka yi kuskure, don ba a koyon aiki ba tare da shi ba. Ranar da ka gano shi, ranar za ka kai shi gaban maigidanka da ƙafarka, kafin ka ci abincin rana. Kowane kwana da ya ƙara a hannunka nauyinsa ƙaruwa yake, nawa ya kwana shekara ashirin da uku.

Ga wata shawara da ta fito daga wannan. Ka sayi ɗan littafi mai bango mai ƙarfi, ka raba kowane shafi biyu. A gefe ɗaya ka rubuta kalmominmu na ƙasa da gado da ciniki: aro, kyauta, gandu, gayauna, saura, burtali, amana. A ɗaya gefen ka riƙa neman abin da ya yi daidai da su a dokarsu. Inda ka rasa, ka bar wurin fari, kada ka cusa kalmar da ta yi kusa don shafi ya cika. Wuraren da suka zauna fari su ne aikinka in ka dawo. Littattafan fiƙihun da ka karanta wurin kawunka na sa an ɗaure maka su a ƙasan akwati, kada ka bar su su yi ƙura. Mutanen da za ka yi wa aiki da su suke rayuwa, kuma ka san lauya ba ya tsayawa gaban alƙali a kotunanmu. Wanda ya dawo da hula kaɗai sai ya zauna Kano ko Kaduna yana jiran babbar shari'a. Mai rubutu kuwa, tun daga ranar da ya buɗe ƙofa ana bukatarsa.

Ka dubi garin nan da kyau. Ga fataken gyaɗa da auduga suna dangwala yatsa a takardun kamfani ba su san abin da ke ciki ba. Ga masu motoci suna haɗa hannu su sayi babbar mota da baki kawai, in an saɓa zumunci ya lalace. Ga Fulaninmu na daji da ake nome musu hanyar shanu, ba su da abin nunawa sai cewa tun kakanni nan suke bi. Ana ta maganar mulkin kai, Turawa za su tafi su bar mana littattafansu cike da irin rubutun da na yi. Wa zai karanta su ya gane inda aka karkace? Shi kansa Alhaji Shehu mai dariyar, na ba shi wata uku da dawowarka zai zo ya cire takalmi a ƙofar ofishinka. Ranar ka ba shi kujera mai kyau, ka aiko a kira ni in zo in gaishe shi.

Tun kana shekara ta huɗu ka fara shirin dawowa, kada ka bari sai ka gama. Ka rubuta wa lauyan da ka yi wa akawu a Kano, ka tambaye shi yadda ake shigar da suna a babbar kotu a Ikko da takardun da ake nema, ka tattara su tun kana can. In ka dawo ka yi shekara ɗaya ko biyu a hannun wani ka ga yadda dokar can ke zama a ƙasar nan. Daga nan ka zo gida. Ɗakin da ke jikin zaurenmu, mai ƙofa ta bakin hanya, na hana a ba kowa.

Sauran abubuwa mahaifiyarka ta riga ta cika maka kunne da su: sanyi, salla a kan lokaci, abin da za ka ci da wanda za ka bari. Ba zan maimaita ba. Abu ɗaya zan ƙara, ka riƙa rubuto mata da Hausa mai sauƙi yadda ƙanwarka za ta karanta mata ba sai an nemo ni ba, don ta ce ba ta yarda da fassarata ba. Ka ga ita ta daɗe da gano ni.

Saura labarin Juma'ar da ta wuce. Bayan ka yi mini maganar sauyawa a karo na farko na kasa sukuni, sai na ce bana da kaina zan kai damin. Na tarar da Malam Tanko a ƙofar gidansa kan buzu, ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun yi hazo, sai da na yi magana ya gane ni. Bayan mun gaisa na sauke damin, na zauna a ƙasa, na gaya masa komai tun daga gindin tsamiya har rufe littafi. Ban rage ko kalma ba. Ina gamawa na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya.

Sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Malam Isa, yanzu kaz zo da wanga labari? Ai garinmu ba a kai ma mutum dami guda sai in ana riƙe da gonatai. Tun ran da jakinka yat tsaya ƙofag ga da na farko, nis san gonata hannunka take."

Shekara ashirin da uku ina tsammani ina ɓoye abu, ashe kowace kaka da kaina nake aika masa da shaida. Na nemi gafara, ya ce ya daɗe da yafewa, tun dami na uku ko na huɗu, ya manta wanne.

Sannan ya ba ni labarin da ban sani ba. Labbo ya rasu bara. Kafin ya cika ya kira babban ɗansa ya gaya masa fadamar nan aro ce, kada ya bar shi ya kwanta da ita. Ɗan ya zo wurin Tanko da dami a ka, suka daidaita: zai ci gaba da noma, gona kuwa ta Tanko ce da 'ya'yansa. Abin da ya rage shi ne littafin Bature har yanzu kyauta yake cewa, kuma jikoki ba za su san abin da aka faɗa a ƙofar gida ba. Ana so a rubuta sabuwar takarda a kai gaban hakimi da alƙali. Tanko ya ce shi tun daga ranar tsamiya yake tsoron takarda, ya hana kowa rubutawa.

Sai ya juyo da fuskarsa wajena ya ce, "An ce yaron ga naka za shi Ingila karatun shari'a. Wane iri za shi zama, mai magana ko mai rubutu?"

Na ce mai rubutu. Na ce amma fa shekara biyar ne, Malam, mai magana shi ke dawowa cikin uku.

Ya shafa damin da tafin hannunsa. Can ya ce, "A bar shi shi yi biyar ɗin. Mai magana na riga na gani." Ya ce in ya kai lokacin, to, in bai kai ba ga ɗansa nan, amma ba mai rubuta takardar nan sai kai. Da na tashi tafiya ya ƙara da cewa kada in ga an yafe mini in daina aiko da dami, sai ranar da aka gyara littafi.

Na hau hanyar Gusau ina share ido da hannun riga, ina kuma jin wani irin daɗi da ban taɓa ji ba. Duk faɗin ƙasar nan, mutumin da na cuta bai yarda da hannun kowa ba sai na ɗana. Wace hula ce za ta ba ni wannan?

Saboda haka in ka sauka, ka huta kwana biyu, ka sa rigarka mai kyau, ka je wurin dattijon nan. Ka karanta takardar alkawarin tun daga sama har ƙasa, inda ba ka gane ba ka tambaye shi sau uku, sannan ka sa hannu. Ni kuma a nan zan riƙa ƙirga maka shekarun da abin da na iya. Saura dami biyar in kai Karakkai. Na roƙi Allah ya ba ni rai da lafiya in kai su da kaina, ya kuma bar Malam Tanko ya karɓa da hannunsa. A kaka ta shida ba jaki za mu kora ba, ni da kai za mu tafi, kana riƙe da takarda, ka karanta masa da Hausa ya ji kalmar aro a inda ya faɗe ta.

Allah ya yi maka albarka, Sanusi. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da maigida mai haƙuri, ya kare ka daga sanyin ƙasar da sharrin mutanenta da na zuciyarka. Ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya, ya sa alƙalaminka ya fi bakin ubanka gaskiya. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Sauran kilishin kuma ka rage don gobe.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isa Tafinta